Zauren Tambaya da Amsa: Tafiya da Kuɗi Cikin Jama'a

Tun da kaka ta kama, wasiƙun da ke zuwa wa wannan fili suka karkata wuri ɗaya, wato maganar ɗaukar kuɗi a jiki da fargabar 'yan sane da masu ƙwace. Yanzu ne wake da aya da riɗi da gyaɗa suke fitowa, kuɗi kuma suna ta kai da kawowa tsakanin Maraɗi da kasuwannin ƙauye a aljihun mutane. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su, domin a irin wannan magana bayyana suna kansa haɗari ne.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a unguwar Zariya ta Maraɗi. Da kaka ina bin kasuwannin wajen Tasawa da Mayahi da Agiye ina sayen wake da aya. Manoma ba sa karɓar komai sai kuɗi a hannu, don haka nakan fita da sefa miliyan biyu zuwa uku a jikina. Makon jiya an yanke wa abokin tafiyata aljihu a tasha, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi, tunda barin tafiyar ba zai yiwu ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar wa abokin tafiyarka da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Kafin mu zo kan inda za ka ɓoye kuɗi, ina so ka fara duba wani abu da yawancinmu ba mu cika lura da shi ba. Ɗan sane ba ya laluben aljihun kowa da kowa, wanda ya riga ya gani ko ya ji labarinsa shi yake bi, kuma kafin hannunsa ya kai ga kuɗinka idonsa ko kunnensa ya daɗe da kaiwa.

Ni kaina abin ya taɓa samuna a wata tasha shekarun baya, zan tafi Damagaram da kuɗin maganin mahaifiyata. Na zaro ƙunshin gaba ɗaya a gaban mai yankan tikiti, na cire robar da na ɗaure shi da ita, na zare takarda ɗaya na biya, na mayar da sauran aljihun gefen riga. Da aka kira mota sai aka yi cunkoso a bakin ƙofa, wani ya tsaya a gabana ya sunkuya kamar takalminsa ya fita, wani kuma ya matse ni ta baya. Sai da na zauna na ji iska tana taɓa cinyata. Da na duba na tarar an tsaga aljihun daga ƙasa da reza, tsaga miƙaƙƙiya kamar tela ne ya bi ta da almakashi, kuma ko motsi ban ji ba lokacin da ake yi. Abin da na fahimta bayan hankalina ya dawo shi ne, tun a wurin yankan tikiti na rasa kuɗin nan, bakin mota wurin karɓa ne kawai.

Saboda haka, Alhaji, tsaron kuɗinka yana farawa tun daga jajibirin tafiya. Ka ƙirga mutanen da suka san ranar da kake cire kuɗi, da yawansu, da kasuwar da za ka, za ka yi mamakin yawansu: yaran shago, mai kabu-kabun da ya saba kai ka banki, abokan hira a majalisar shayi, da duk wanda ke kusa da kai lokacin da kake ɗaga murya a salula kana cewa ka taho da kuɗin. Ba ina cewa ka zargi mutanenka ba ne, amma mutumin kirki yakan faɗi magana ba da wata manufa ba ta faɗa kunnen mugu, kuma da ɗan gari akan ci gari. Mutum ɗaya amintacce a gida ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka, wannan ya isa, kuma dole ne, don idan ka yi jinkiri a san inda za a fara nema. Idan za ka yi maganar kuɗi a waya cikin mota, ka dakata har ka sauka, ko ka ce wa mutumin za ka kira shi anjima.

Wurin cire kuɗi shi ne wuri na biyu da ake yi wa mutane shaida. Ka ƙirga kuɗinka a ciki, a gaban ma'aikacin da ya ba ka, idan suna da yawa ka nemi a shigar da kai inda ido ba ya kaiwa, sannan ka adana su a jikinka tun kafin ka juyo ga ƙofa. Wanda ya shiga hannu wofi ya fito riƙe da ambulan ko baƙar leda a naɗe ya riga ya yi wa masu zaman waje shela, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kada ka mayar da rana ɗaya da sa'a ɗaya da hanya ɗaya al'adarka, kuma kada ka hau babur ɗin da ya yi saurin tarbarka a bakin ƙofa, gara ka taho da naka mutumin ko ka ɗan taka zuwa gaba.

Akwai kuma lissafin takardun su kansu. Takardar da ta fi kowace girma a sefa ita ce ta jika goma, wato sefa 10,000, kuma guda 100 nata su ne miliyan ɗaya, ƙunshin da kaurinsa bai wuce na yatsa ba sosai. Wannan miliyan ɗin idan aka ba ka shi a 'yan jika-jika takarda 1,000 ne, ƙunshi goma ke nan, abin da babu rigar da za ta ɓoye shi. Na san matsalar canji a kasuwar ƙauye, inda manomi zai kawo tiya biyar ta wake kuma ba shi da abin mayar maka, don haka ba za ka rabu da ƙananan takardu ba. Abin yi shi ne ka raba. Kuɗin mota da na abinci da na 'yan dako su zauna a aljihun gaba, su kaɗai ne jama'a za su ga kana taɓawa. Kuɗin cinikin sa'a ɗaya ko biyu su zauna a wani aljihun dabam mai zif. Manyan takardu kuwa su shiga lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, ko aljihun ciki da tela zai ɗinka maka a singileti ko a wando ta gaba, kuma ba a buɗe wannan sai cikin ɗaki ko bayan shagon mai masaukinka. Iyayenmu fatake da suka bi hanyar Kano da jakuna ba don ado suka riƙe lalita ba. Aljihun gefen babbar riga, wanda yake lilo nesa da jiki, shi ne mafi sauƙin yanka a duk suturarmu.

Wani abu ƙarami da ke tona asirin mutane shi ne yawan dafa wurin da kuɗin suke. Mai kuɗi a jiki yakan kai hannu lokaci-lokaci ya tabbatar suna nan, mai kallo kuma wannan kawai yake jira. Har akan sami wanda zai ɗaga murya a cunkoso ya ce a kula da aljihu akwai ɓarayi, kowa ya dafa nasa, abokan aikinsa su ga inda za su nufa.

Amma shawarar da na fi ba wa ƙarfi ita ce ka rage nisan da kuɗin za su yi a jikinka. A yau kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana da makamantansu suna da rassa a manyan garuruwan jihar nan, don haka kana iya tura wa kanka rabin kuɗin ko fiye daga Maraɗi, ka karɓa a Tasawa da katinka na ɗan ƙasa idan ka isa. Ka kira reshen tun da wuri ka tabbatar suna da adadin, domin ƙaramin reshe yana iya ƙarewa da kuɗi ranar kasuwa, kuma kada ka haɗa rasit ɗin da katin a aljihu ɗaya. Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan ƙaryata su ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan ta Nijar takunkumin da ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, mutane sun yi dogon layi a bakin bankuna ana ba su kaɗan-kaɗan daga kuɗinsu na halal, kuma wanda ya ga wannan ba zai yi saurin sake sakin jiki ba. Sai dai tura kuɗi na yini ɗaya ba ajiya ba ce, kuma ladan da za a cire maka bai kai komai ba idan ka auna shi da jarin shekara guda.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Ka gama ciniki ka kama hanya rana tana sama, ko da akwai sauran kaya masu araha a kasuwa. Idan kuma sayayya ta kai ka yankunan bakin iyaka, a ɓangaren Madarunfa da Gidan Runji, to can maganar ta wuce ta yankan aljihu, domin shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da dabbobi, kuma sau da yawa da labarin da wani ya kai musu suke aiki. A can ya fi kyau kada a san ka a matsayin mai zuwa da kuɗi kwata-kwata. Ka sami amintaccen wakili ɗan garin ya tara maka kaya, ka biya shi ta hanyar turawa ko ya same ka a Maraɗi.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ni uwar adashe ce a unguwar Bagalam. Mu mata ashirin ne, kowace tana zuba jika biyar duk mako. Ranar Juma'a nake bi gida-gida in tattara, in zuba a jakar hannu, wani lokaci in wuce babbar kasuwa sayayya a kan kabu-kabu kafin in kai wa mai kwasa. Wata maƙwabciyata an fizge mata jaka a bakin titi. Ina tsoron kuɗin mutane.

Amsa

Hajiya, tsoron nan naki alama ce ta riƙon amana, Allah ya ƙara miki. Jika ɗari ne kike yawo da su duk mako, a rana ɗaya sananniya, ta hanya ɗaya sananniya, kuma aƙalla gidaje ashirin sun san haka, har da yaran gidajen da baƙinsu. Ga shi kuma Juma'a, kamar Litinin, ranar cikar kasuwar Maraɗi ce. Idan za ki ji shawarata, abu na farko da za ki daina shi ne shiga kasuwa da kuɗin adashe. Ki fara kai wa mai kwasa, ta ƙirga a gabanki da gaban wata mace ɗaya daga cikinku, a rubuta a littafi, sannan ki tafi sayayyarki da naki kuɗin. Mafi alheri ma shi ne ku daina bin gida-gida: ku haɗu a gida ɗaya da hantsi, kowace ta kawo nata, mai kwasa ta karɓa nan take wani nata ya raka ta, kuma gidan haɗuwar ya riƙa sauyawa. Ta haka kuɗin ba za su kwana a hannunki ba, ba za su hau titi tare da ke ba.

Jakar hannu kuwa ba wurin ajiyar kuɗi ba ce, ita ce abin da mai ƙwace yake hange tun daga nesa. Yawanci su biyu ne a kan babur, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana fizga, kuma sun fi samun sa'a a kan matar da ta rataya jaka a kafaɗar da ke gefen titi, ko wadda take bayan kabu-kabu jakar tana lilo a gefe. Ki ɗinka ƙaramar jaka mai igiya ki rataya a wuya ta cikin riga, hijabi ya rufe ta, jakar hannu kuma ta ɗauki 'yan canji da tarkace. Ƙullin bakin zane da iyayenmu mata suka saba ya isa ga dala ashirin ko dala ɗari, amma ba ga kuɗin mutum ashirin ba, domin duk lokacin da za ki kwance shi sai kin nuna duka. Idan kina kan babur ki ɗora jakar a cinyarki tsakaninki da mai tuƙi. In kuma Allah ya ƙaddara an fizga, ina roƙonki ki saki. Na ga matar da ta riƙe igiyar jaka aka ja ta a kan kwalta, fatar hannunta da ta gwiwarta suka saluɓe, kuma abin da aka kashe a likita ya fi abin da ke cikin jakar.

Idan wasu daga cikinku suna da Airtel Money ko Moov Money a salularsu, suna iya turo zubinsu ta nan, amma ita ma wannan hanyar tana da nata ɓarayin. Lambar sirrinki taki ce ke kaɗai, babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai kira ki ya tambaye ta. Wanda ya kira ya ce ya yi kuskuren turo miki kuɗi ki mayar masa, kada ki dogara da saƙon da kika gani, ki duba abin da ke cikin asusunki da kanki tukuna. Kuma don Allah a daina aiken yara ƙanana da zubi a dunƙule a hannu.

Tambaya ta uku

Malam, ni yaron shago ne, shekaruna goma sha tara. Kullum da yamma maigidana yana ba ni cinikin ranar in kai gida ko wurin ajiya, ni kaɗai a ƙasa. Na ji wa'azi cewa wanda aka kashe a kan dukiyarsa ya yi shahada. Idan aka tare ni, in yi faɗa? Kuma idan aka ƙwace, ni zan biya?

Amsa

Ɗana, wasiƙarka ta fi sauran tsaya mini a rai. Hadisin da ka ji ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi, amma malamai da yawa sun bayyana cewa kare dukiya halal ne, ba wajibi ba, kuma wanda ya miƙa dukiya don ya tsira da ransa bai yi laifi ba. Hadisin yana faɗin darajar wanda aka zalunta ne, ba umarni yake ba ka ka tari wuƙa da ƙirji ba. Idan aka tare ka da makami, kada ka yi gardama, kada ka kai hannu aljihu da sauri ba tare da ka faɗi abin da za ka ɗauko ba, ka ba da abin da aka nema. Hankalinka ya tafi ga abin da zai yi amfani daga baya: su nawa ne, tsayinsu, irin maganarsu, launin babur ɗin, da hanyar da suka bi. Kada kuma ka fara yawo da wuƙa don kare kai, domin wanda bai saba da ita ba sau da yawa da ita ake cutar da shi, ko ta jefa shi hannun hukuma.

Da zarar sun tafi ka shiga cikin mutane, ka kira maigidanka, ka kira 'yan sanda a lamba 17, sannan ku je komisariya tare a rubuta abin da ya faru a ranar, in a wajen gari ne kuma wurin jandarma. Mutane da yawa suna ƙin zuwa suna cewa ba za a samo kuɗin ba, amma takardar nan ita ce shaidarka idan zargi ya taso. Idan kuwa jama'a suka kama wani, kada ka sa hannu a dukansa, a miƙa shi ga hukuma, domin an sha kashe wanda bai ji ba bai gani ba a irin wannan hayaniya.

Game da biya, abin da aka sani a fiƙihun Malikiyya shi ne wanda aka ba amana ba ya ramuwa idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, kuma akan karɓi maganarsa tare da rantsuwa idan ana tuhumarsa. Amma idan ya saɓa umarni, kamar a ce an aike shi kai tsaye ya tsaya kallon ƙwallo, ko ya ajiye kuɗin a inda ba a ajiye irinsu, to ramuwa tana iya hawa kansa. Kowace matsala da yadda take, kuma malami ko alƙali ne zai yanke bayan ya ji ɓangare biyu. Abin da za ka yi tun yau shi ne ka roƙi maigidanka, cikin ladabi, ku riƙa ƙirga kuɗin tare kafin ka fita, a rubuta adadin da ranar a littafi, wanda ya karɓa shi ma ya sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne.

Ga maigidan nasa kuma, da sauran alhazanmu masu shaguna, ina da magana. Yaro ɗan shekara goma sha tara da ke fita shi kaɗai a ƙasa da cinikin yini, kullum bayan rufe shago, duk layin sun san abin da yake ɗauke da shi. Ku raba kai kuɗin gida biyu, ɗaya da rana tsaka ɗaya kafin la'asar, ku haɗa shi da wani, ku sauya mai kaiwa da lokacin kaiwa. Iyayensa amanarsa suka ba ku, kuma ta fi ta kuɗin nauyi.

Tambaya ta huɗu

Malam, ina zuwa kasuwar Jibiya ranar Lahadi ta Ɗan Isa. A ina ya fi in canza sefa zuwa naira?

Amsa

Malam, ka canza a wurin ɗan canjin da ka sani kuma yake da mazauni tsayayye, ka shiga ciki ku ƙirga a zaune, ba a bakin hanya ta tagar mota ba, inda ake gaggauta mutum kuma kowa yana kallo. Ka tuna cewa naira tana da yawan takarda, tunda babbarta ita ce ta 1,000, don haka kuɗin da suka ɓuya a lalita suna sefa za su zama ƙunshi mai girma bayan canji. Ka canza abin da za ka kashe a ranar kawai, in kuma wanda kake saye a wurinsa yana karɓar turawa ta banki, ɗan canjin yana iya tura masa kai tsaye ka tsallaka da rasit. Kuɗi masu yawa doka ta ce a bayyana su ga duwan, wato jami'an kwastan, a bakin iyaka, saboda haka ka tambayi ofishinsu ƙa'idar tun kafin ranar tafiya. Idan ka dawo da ragowar naira kana karɓar sefa, ka bi manyan takardun ɗaya bayan ɗaya, ka shafa ka ji kaurin bugun, ka ɗaga su ga haske ka ga zaren tsaro da hoton da ke ɓoye cikin takardar, sannan ka karkata ta jika biyar da ta jika goma ka ga layin mai ƙyalli yana sauyawa, duk kafin ka tashi daga kan bencinsa.